Shekarar da Aka Sare Kurmin Kanya

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. Tun kuna ƙanana ake nuna ku a kasuwar Ajingi, ana cewa ga 'ya'yan mutumin da ya hana ƙauyensu samun wutar lantarki. Wasu ma suna ƙarawa da cewa gamo na yi a daji, hankalina ya taɓu, shi ya sa hukuma ta sallame ni. Ban taɓa zaunar da ku na warware muku ba, domin akwai ɓangaren labarin da ba ni da daɗin faɗa, kuma a lokacin yayana Ado yana raye, ba na son ku riƙa kallonsa da wani ido. Yanzu duk waɗanda abin ya shafa sun rasu, saura ni. To ga yadda aka yi, har da nawa laifin.

Ni malamin daji ne a wancan zamani, ina kula da dazuzzukan hukuma da ke tsakanin Gafasa da ƙauyenmu. An ba ni keke da kaki, da wata guduma mai hatimi a goshinta. Duk bishiyar da na fasa ɓawonta na buga wa wannan hatimi, ta halatta a sare ta. Itacen da babu hatimin kuwa, ba zai wuce shingen da ke kan hanyar Kano ba. Mafi girma a cikin abin da nake tsaro shi ne Kurmin Kanya, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba daga ƙofar gidanmu. Ku guntunsa kawai kuka sani. A da, in ka shiga da hantsi sai ka ɗauka magariba ta kusa. Kanya ce ta fi yawa, sai ƙirya da marke da maɗaci da tsamiya, wasu mutum uku ba sa haɗa hannu a gindinsu. A tsakiya akwai wani ɗan tafki mai baƙin ruwa mai sanyi, wanda ko a babban farin nan da ya kashe dabbobi bai ƙafe ba, shi ya riƙe ƙauyukan kewaye. A saman bishiyoyin kuma jemagu ne ba iyaka, sun rataye kamar 'ya'yan itace, kullum cikin ƙananan kuka. Mutanenmu ba sa shiga wurin da tsakar rana. Mata kan tsinci busassun rassa a gefe, su fita kafin rana ta take. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalilinta. Ni da na yi 'yar boko, dariya abin yake ba ni.

Shekarar da nake magana, fari ya wuce da kamar damina biyu. Soja ne ke mulki, amma aka ce za a yi wa ƙananan hukumomi gyara, kowane yanki ya fitar da kansilansa. Arzikin man fetur ya shigo ƙasa, birnin Kano yana ta faɗi, gidajen burodi da masu abincin sayarwa suna cin itace ba ƙaƙƙautawa. Dazuzzukan kusa da birni sun ƙare, sai idon masu gingimari ya juyo gabas, wajenmu. A daidai wannan lokaci gwamnatin jiha ta fara maganar kai wuta karkara, kullum sai rediyo ya faɗa. Duk ƙauyen da ka je hirar ke nan, wa zai riga wani samu.

Yaya Ado ya fito neman kansila. Ba mugu ba ne, ina son ku riƙe wannan. Shi ya ɗauki nauyin gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, shi ya hana a cire ni daga makaranta. Matarsa ta farko a kan amalanke ta rasu, tana naƙuda, a hanyar Gaya, kuma tun daga ranar ya ƙudurta sai ya kawo wa ƙauyen nan abin da ke birni. Sai wani ɗan kwangila daga Kano ya same shi, mutum mai fara'a mai farar mota, ba zan faɗi sunansa ba don yana da jikoki. Ya ce yana da hannu a sama. In aka bar masa Kurmin Kanya ya yi gawayi da itacen girki, shi kuma zai sa a saka ƙauyenmu a sahun farko na masu samun wuta. Kafin mako biyu sai ga gingimari ta sauke falwayoyi shida na siminti. Aka kafa su a jere, daga masallaci zuwa hanyar Gafasa. Yara suna rungumarsu, tsofaffi suna shafawa. Takardar izini kuma ta zo mini daga ofishinmu na Gaya, da sa hannu da komai. Abin da ya rage kawai gudumata.

Ran da takardar ta zo, bayan la'asar, muna zaune a tsakar gida. Mahaifiyarmu Inna tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, mahaifiyarku tana surfe. Inna ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne, in za ta yi masa magana ni take duba.

"Isyaku, ka gaya wa yayanka, kurmin nan ba namu ba ne."

"Na hukuma ne, Inna," in ji Yaya. "Hukuma kuma ta bayar. Ga takarda."

"Hukuma tarar da shi ta yi. Mu ma tarar da shi muka yi."

"To na wane ne?"

Ta ci gaba da murza mazarinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba:

"In an sare, da me za mu yi girki? Da fitilar?"

Yaya ya yi dariya, ya ce a birni da risho ake girki, kananzir zai wadata tunda ƙasarmu ce ke haƙo shi. Mahaifiyarku, wadda ba ta saba sa baki in manya na magana ba, ta tsayar da taɓarya.

"Yaya, wata uku ke nan rabon da a ga kananzir a kasuwar Ajingi."

Ni kuwa, gaskiyar da zan faɗa muku ita ce ina son wutar nan. Na taɓa sauka a wani gida a Kano na ga yadda ake taɓa bango ɗaki ya haskaka. Na ce a raina kurmi babba ne, in an ɗebi wani abu zai sake tofowa. Kashegari na ɗauki guduma.

Kwana tara na yi ina buga hatimi, na faro daga yamma ina nausawa ciki. A rana ta uku aiki ya ɗauke mini hankali, rana ta take ina ciki. Na buga wa wata ƙirya, ƙwas. Sai na ji an amsa daga can cikin kurmi, ƙwas. Na ce amsa-kuwwa ce. Na matsa ga ta gaba na buga sau biyu, aka amsa sau biyu. Na tsaya ina share gumi, gudumar tana rataye a hannuna, sai na ji an buga sau ɗaya, a hankali, daga wajen tafki, alhali ni ban buga komai ba. Na yi kira, ko wani ne ke sara ba izini. Shiru. A nan na lura jemagun sun daina kuka. Na ɗaga kai, sai na ga duk sun buɗe ido suna kallon ƙasa. Ban gudu ba, amma ban ƙara kai azahar a ciki ba. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma daina bugawa ba. Wannan shi ne laifina, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Kashi biyu cikin uku na kurmin nan, hannuna ne ya halatta su.

Masu sara suka zo, baƙi daga nesa, suka kafa bukkoki a gefen yamma. Ana sara, ana haƙa ramuka, a jera gumagumai a ciki, a rufe da ƙasa a cinna wuta. Hayaƙin ba ya tashi sama. Kwanciya yake yi, fari, yana bin kwari har cikin gari, tufafi da tuwo duk warinsa. Tsofaffi suka kama tari.

Wanda ya fara zuwa mini da magana Baffa Buba ne, wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke arewa da kurmin, da 'yan shanun da fari ya bar masa. Ya tare ni a hanya ya riƙe kan kekena.

"Malam, zo mu je. Ba na faɗa ba ne, na gani ne."

Na bi shi. Shanunsa suna tsaye a bakin burtalin da ke shiga tafki, a jere kamar an ja musu layi, duk sun fuskanci kurmi. Ba sa kiwo, ba sa tuƙa, ko jela ba sa kaɗawa. Ƙishirwa ta bayyana a jikinsu, ga ruwa a gabansu ba nisa, amma ko ɗaya ba ta ɗaga ƙafa ba.

"Kwana uku ke nan," in ji shi. "Na kira, na daka, na shige gaba da kaina. Kakannin shanun nan a tafkin nan suka sha. Malam, me kuka taɓa?"

Na ce hayaƙi ne ke damunsu. Ya dube ni ya ce yau iska daga gabas take, hayaƙin yana can yamma. Kafin mako ya tashi da rugarsa ya nufi kudu. Ban sake ganinsa ba.

Wata Laraba kuma muna alwalar azahar, sai rana ta dusashe kamar hadari ya taso, alhali babu ko ɗigon gajimare. Muka ɗaga kai. Jemagu ne suka taso gaba ɗaya da rana tsaka, abin da ko Inna ba ta taɓa gani ba. Babu kuka, sai ƙarar fukafukai kamar ana shiƙar hatsi. Suka yi ta kewaya gari ba su sami inda zai ɗauke su ba. Suka sauka a kan 'yan darbejiyar ƙofar masallaci har rassa suka karye, suka maƙale a danga, a bakin rumbuna, a igiyar shanya. Wasu suka yi ta ƙoƙarin kama falwayoyin nan, siminti ne, suna zamewa suna faɗowa. Zafin rana ya kashe su da yawa. Da la'asar muka share su daga gindin falwaya muka zuba a kwanduna. Liman ya sa a yi sadaka.

Bayan 'yan kwanaki shugaban masu saran ya aiko a kira ni. Na tarar sun daina aiki, sun koma gefe guda sun tsuguna. Sabon rami suke haƙa, ba nisa da tafki, inda aka kayar da wata babbar tsamiya. Ƙasar ramin ba irin tamu ba ce. Baƙa ce wuluk, cike da kashin maƙera, dunƙulen nan da ke saura in an narka tama, duk inda ka tona shi ne. A ƙarƙashinsa ga toka, kaurinta ya fi kamu biyu. A cikin tokar akwai wata babbar tukunya da diga ta fasa wa baki. Na leƙa. Ƙasusuwan mutum ne a ciki, a zaune, gwiwoyinsa a ƙirji, da munduwar ƙarfe a hannu. Suka nuna mini bakunan wasu tukwane uku a jikin ramin, ba su taɓa su ba. Shugaban ya tambaye ni a hankali, ramuka nawa ke nan suka riga suka cinna wa wuta a kan irin wannan ƙasa. Na sa aka mayar da ƙasa aka rufe. Rabin mutanen suka ɗaure kayansu a ranar, ɗan kwangila ya kawo wasu cikin kwana biyu.

Na dawo gida na zauna a gaban Inna na gaya mata. Ba ta yi mamaki ba.

"Kakata ta ce gari ne a wurin, babba. Maƙera ne. Daga ƙasashe ake zuwa sayen ƙarfensu, wutarsu ba ta mutuwa, rani da damina. Suka ci dajin gabas, suka ci na yamma, har sai da mace kan yini tana neman abin da za ta dafa wa 'ya'yanta. Daga nan rijiyoyi suka janye. Ba yaƙi, ba annoba. Tashi kawai suka yi, waɗanda suka iya tashi."

"Kurmin fa, Inna?"

"A kansu ya fito. Shi ya sa ake barinsa."

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun ranar?"

"Na fara. Kuka nuna mini takarda."

Wannan magana ta fi tukunyar tsorata ni. Aljanu ban san su ba, ban ce su ne ba, ban kuma ce ba su ba ne, abin da kunnena ya ji na rubuta muku kamar yadda na ji. Amma toka na sani, aikina ne. Na san yawan dajin da za a ƙona kafin a tara toka mai wannan kauri. Kashegari na je tafki na ga ruwan ya ja baya da taki huɗu, ya bar baƙin laka yana tsagewa, abin da fari bai iya yi masa ba.

Na zauna na rubuta takarda da hannuna, na roƙi a dakatar da saran. Na ce ba na ƙin wuta, amma fitila ba ta dafa tuwo. Na ce ƙasar da ke sayar wa duniya mai bai kamata matanta su rasa kananzir ba. Na ce in gwamnati na son birni ya sami itace, ta kafa gandun darbejiya da bishiyar turare a filayen da suka mutu, a riƙa sara ana dasawa, tsofaffin dazuzzuka masu riƙe ruwa kuwa a bar wa mutanen da ke shan ruwan su tsare abinsu. A Gaya maigidana ya karanta ya mayar mini, ya ce shi ma umarni ya bi. Sai na hau mota zuwa Kano. Yini biyu na yi a barandar ma'aikata, ba wani babba da ya gan ni. Amma na dace da wani dattijon akawu a wurin da ake tsara kai wuta karkara, ya ji tausayina. Ya buɗe wani dogon fayil, ya bi sunayen garuruwa da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya shafi ya sake bi.

"Sunan ƙauyenku ba ya nan, ɗana. Ba ya cikin na bana, ba ya cikin na baɗi."

"Amma an kafa mana falwaya, Baba. Shida."

"Ba daga nan suka fita ba. Falwaya ai kowa zai iya saye ya kafa." Ya rufe fayil ɗin. "Kar ka ce a bakina ka ji."

Da na dawo na sami Yaya a zaure na faɗa masa. Zaɓe ya matso ƙwarai. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba zan iya faɗa ba, Yaya."

"To wanda ba shi da suna ya ce babu, wanda ya kawo falwaya a gaban idon kowa ya ce akwai. Wa kake so mutane su yarda da shi?" Sai ya rage murya. "Isyaku, ko da gaskiyarka ce, an riga an sare. In ka tsaya yanzu mun rasa dajin, mun rasa wutar, kuma kai za a ce ka jawo. Ka ƙarasa, ko ba komai mu riƙe shi da alkawarinsa."

"Gefen tafki ne ya rage, Yaya. In aka taɓa shi ruwan ya tafi."

"Ni na riƙe ka a makaranta."

"Na sani."

"To ka buga."

Na ce ba zan buga ba. Shi ne karo na farko da na ce masa a'a tun da aka haife ni. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya fita.

Na san za a aiko wani ya karɓi gudumar ya ƙarasa aikin cikin yini biyu. Amma gudumar yankinmu guda ce, da lambarta, kafin a ƙero wata daga birni sai an yi watanni. Ga damina ta ƙarato, in ruwa ya sauka gingimari ba ta shiga kwarinmu. Na shiga gida da ita a hannu ina jujjuyawa, ban san inda zan kai ta ba. Inna ta miƙo hannu.

"Kawo."

Na ba ta. Har ta koma ga Allah ban san inda ta sa ta ba, ban kuma tambaya ba, don in an rantsar da ni in rantse da gaskiya. Da 'yan sanda suka zo suka birkice gidan, har rumbu suka zazzage, tana zaune a kan tabarmarta tana kaɗi. Suka tafi da ni Gaya. Na yi sama da mako biyu a tsare, aka sallame ni daga aiki bisa laifin salwantar da kayan hukuma. Kafin a sako ni ruwan farko ya sauka. Ɗan kwangila ya kwashe mutanensa, ya aiko wa mai unguwa cewa malamin daji ya ɓata yarjejeniya, saboda haka maganar wuta ta tashi. Kada ku ɗauka na ci nasara a kansa. Dajin wasu mutane ya koma, can gabas, na ji har falwayoyi ya kai musu.

Yaya ya ci zaɓe, domin a ganin mutane shi ya yi ƙoƙari, ƙaninsa ne ya yi masa zagon ƙasa. Ya ja katanga a tsakiyar gidanmu, ya fasa tasa ƙofar ta kudu. In mun haɗu a masallaci da leɓe yake amsa sallamata, ba ya dubana. In na zo majalisa sai hira ta mutu. Mahaifiyarku ta fi ni shan wuya, a bakin rijiya matar mai duhu ake ce mata. Rijiyoyin yamma kuwa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya a ranin da ya biyo, yashi ya fara hawa gonakin da ke bayan filin da aka sare. Matan da suke tsintar itace da hantsi suka koma fita da sassafe su dawo da azahar, da kara da kashin shanu a ka. Tafkin ya tsuke ya koma kamar faɗin ɗaki biyu, amma bai mutu ba, da shi aka yi ta rayuwa. Duk wanda ya ɗebi ruwansa ya san dalilin da ya sa yake nan, ba dai wanda ya faɗa. Falwayoyin nan suka yi shekaru a tsaye ba waya. In iska ta taso sai su riƙa wani irin gunji ta ramukan jikinsu, jakuna ba sa yarda a ɗaure su a nan. Ni na koma noman gyaɗa, ina renon 'yan itatuwa a fasassun tukwane a bayan gida, ina ba duk mai so. Da farko ba mai so.

Tun daga lokacin na ga gwamnatoci da yawa a jihar nan, na soja da na farar hula, kowa da alkawarin wutarsa. Ban ga wanda ya fara da tambayar matar ƙauye da me take hura murhu ba. In Allah Ya kai ɗayanku kujerar da ake sa hannu, roƙona ya fara taka wurin da ƙafarsa, ya zauna ya saurari tsofaffin matan garin har su gama.

Inna ta rasu a rani na biyu bayan wannan, da hantsi, ba doguwar jinya. Aka yi mata wanka, aka haƙa kabari, sai aka zo maganar itacen da za a jera a rufe ta. Aka duba gari kaf, babu mai kauri da tsawon da zai yi, duk abin da ya saura kara ne da ƙiraren sabara. Masu haƙa suka tsaya suna kallon juna, gawa tana jira, rana tana hawa. Ba wanda ya so ya furta inda itacen yake. Sai na ga Yaya ya shiga gida ya fito da gatari, ya kama hanyar kurmi shi kaɗai. Na bi bayansa. Muka ratsa filin baƙaƙen kututture da ramukan gawayi da suka rufta. Muka shiga inuwar abin da ya rage, sanyin wurin ya sauko mana a ka. Babu tsuntsu, babu motsi, sai numfashinmu. Yaya ya tsaya a gindin wata marke, ya ɗaga gatarin, ya riƙe shi a sama. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke a hankali, ya juyo ya dube ni a ido, karo na farko cikin shekara biyu.

"Malam Isyaku," ya ce, "a ina zan sara?"

Na nuna masa rassa uku na ƙasa, waɗanda in an cire su uwar ba za ta ji ba. Na riƙe, ya sara. Muka daddatse su daidai faɗin kabari, muka ɗaure su dami guda, domin igiya ɗaya muka samu. Ya sa kafaɗa a gaba, na sa a baya, muka fito. Da muka iso maƙabarta mutane suka dare mana. Aka yi mata salla aka sa ta. Yaya ya naɗe hannun rigarsa ya durƙusa a bakin kabarin, ya miƙo hannu wajena ba tare da ya waiwayo ba. Ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, har muka rufe ta.